Neman shawara: in sayar da motata in sayi fili kusa da tashar jirgin ƙasa?

Direban Daura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara, barci ya ƙaurace min. Ni direban haya ne, Sharon nake ja tsakanin Kano da Daura. Motar ta yayana ce, Allah Ya ji ƙansa. Da aka zo rabon gado na ce kada a kai ta kasuwa, na riƙa biyan magada kasonsu kaɗan-kaɗan, na canza mata inji, na yi fenti, har yau matarsa tana ganin an yi min arha. Yanzu kullum na bi ta Kazaure ina ganin aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi. Idan jirgi ya fara ɗaukar fasinja, wa zai shiga motata? Wani dillali ya nuna min fili inda ya ce tasha za ta zauna, har na ba da kafin alƙalami. Da gaske jirgin fasinja zai iso garuruwan nan?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Nawa ne filin, kuma me za ka yi da shi? Ba ka faɗa ba.

Malam Injiniya: Ƙanena, kada ka kuskura ka sayar. Layin nan a watan Fabrairun 2021 Buhari ya ƙaddamar da aikinsa, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi, kusan kilomita 284 ta Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya. Shimfiɗa dogo daban, zuba taragun fasinja daban. Lissafin masu shi ba na fasinja kaɗai ba ne, har da a jawo hajar Nijar zuwa tashar ruwan Legas, kuma hakan ba zai yiwu ba sai an haɗa Kano da Kaduna. Wancan an aza harsashinsa a Yulin 2021, amma sai a farkon 2025 bankin raya ƙasa na Sin ya saki kason farko na bashin. Tsakanin Ibadan da Abuja kuwa ba a ma shimfiɗa sabon dogo ba. Jirgi zai zo, amma ba a lokacin da dillalinka ke faɗa ba.

Maman Ilham: Ni dai na ce ka saya. Tun da jirgin Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016 muka ga yadda Rigasa, inda tashar Kaduna take, ta buɗe, mai shayi da mai Keke Napep kowa na samu. Mun so sayen fili a lokacin, maigidana ya ce ƙauye ne, ya zuba kuɗin a kiwon kaji. Har yau muna haya, kuma in na tayar da maganar sai faɗa.

Malam Injiniya: Hajiya, kin manta bayan harin 28 ga Maris 2022 an rufe layin har Disamba? Masu shagunan bakin tasha me suka ci a watannin nan? Kuma Rigasa da Idu, tashar Abuja, duk bayan gari suke, fasinja in ya sauka mota yake nema. Direba ba ya rasa aiki.

Ɗan Jibiya: Dillalai! Ni ma da sunan tasha aka sayar min, ashe mutum uku aka sayar wa fili ɗaya, muna kotu har yanzu. Ka ga takarda? Mai unguwa ya sa hannu? Sannan tun juyin mulkin Nijar na 2023 da aka rufe mana iyaka, kasuwarmu ba ta dawo daidai ba.

Direban Daura: Na gode, amma dillalin nan ɗan uwan matata ne, ba zai cuce ni ba. Malam, kai ba ka sayen mai da kayan gyara kullum, ba ka san abin da nake komawa gida da shi ba. Kuma da idona nake ganin gadojin da ake yi, ba labari aka ba ni ba.

Malam Injiniya: Gada ba tikiti ba ce. Ka karɓo kafin alƙalaminka.

Baban Khalifa: Ko ka ba wani motar ya riƙa kawo maka balas, ka biya filin a hankali. Har yanzu dai ba ka faɗi kuɗin ba.

Direban Daura: Mai filin ya ce ba ya karɓar kashi-kashi, kuma akwai wani mai so. Mai sayen motar zai zo duba ta ranar Asabar. Akwai wanda ya san takamaimai inda tashar Kazaure za ta zauna?