Matashin direba ya kaɗe mai keke: wane hukunci ke kansa, kuma wa zai biya diyya?

Mahayin Keke ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san shari'a game da wani al'amari da ya faru a gundumar Waller ta jihar Texas a Amurka cikin watan Satumba na 2021. Wani yaro ɗan shekara 16 da ke tuƙa motar a-kori-kura ya matso kusa da ayarin masu keke, kuma kamar yadda shaidu suka bayyana, ya taka totur ne don ya turnuƙe su da baƙin hayaƙin dizal, sai motar ta afka wa mutum shida daga cikinsu. 'Yan sanda ba su kama shi a wurin ba, sai a watan Nuwamba aka tuhume shi da laifi shida na kai mummunan hari da makami mai iya kisa, makamin kuwa shi ne motar. Abin da nake so na fahimta shi ne ko ƙarancin shekaru yana rage girman laifin ne ko kuwa hukuncin kaɗai yake sassautawa, sannan wa ke ɗaukar kuɗin asibiti da asarar wanda aka jikkata, tunda yaro irin wannan bai mallaki komai ba.

Ɗalibar Shari'a ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Shari'a biyu ce ke tasowa daga haɗari ɗaya, kuma rikicewa na zuwa ne idan aka gwama su. Akwai shari'ar laifi, wadda hukuma ke shigarwa don a hukunta direban, akwai kuma ta neman diyya, wadda wanda aka jikkata ke shigarwa da kansa. Shekarun direba suna da tasiri sosai a ta farko, amma a ta biyu da wuya su tsinana masa wani abu.

A shari'ar laifi, abin da kotu ke fara dubawa shi ne yadda aka yi tuƙin. Misali, dokar zirga-zirga ta Ingila ta 1988 ta bambanta tuƙin sakaci da tuƙin ganganci. Wanda ya yi wa wani mummunan rauni ta hanyar tuƙin ganganci zai iya samun ɗaurin shekara 5, a kuma hana shi tuƙi na aƙalla shekara 2, sannan sai ya sake cin jarrabawar tuƙi mai tsauri kafin ya koma bayan sitiyari. A 2022 aka ƙara sabon laifi na yin mummunan rauni ta hanyar sakaci, wanda iyakarsa shekara 2 ce, aka kuma ɗaga hukuncin kisa ta tuƙin ganganci daga shekara 14 zuwa ɗaurin rai da rai. Idan kuwa ya tabbata cewa direba ya nufi mutanen ne don ya tsoratar da su ko ya cutar da su, to magana ta fita daga dokar titi ta koma kai hari, kuma wannan shi ne dalilin tuhumar da kuka ambata. A Texas, baligin da aka samu da irin wannan laifi yakan fuskanci ɗaurin shekara 2 zuwa 20.

Shekaru ba su sauya sunan laifi ba, kotun da za a je da irin hukuncin da za a yanke suke sauyawa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta tanadi cewa tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe, kuma na mafi ƙarancin lokacin da ya dace. Shi ya sa kotunan yara suka fi karkata ga sa ido, da aikin yi wa jama'a hidima, da hana tuƙi, sai laifi ya yi muni a kai yaro gidan gyaran hali. Sai dai iyakar yarintar ta bambanta ƙwarai. A Ingila kotun yara na sauraron shari'ar 'yan shekara 10 zuwa 17. A Texas ɗan shekara 17 baligi ne a gaban kotun laifi, kuma alƙali na iya miƙa ɗan 15 ko 16 zuwa kotun manya idan babban laifi ne. A Jamus kuwa, har ɗan shekara 20 ana iya yi masa shari'a da dokar matasa idan kotu ta ga hankalinsa bai gama nuna ba.

Tsohon Direba ya amsa:

Malama, bayaninki ya gamsar, amma ni inda nake da ja shi ne yawan sassaucin da ake yi tun kafin a kai gaban alƙali. Da zarar an ga yaro yana kuka a gefen titi, sai kowa ya ce tsautsayi ne, a manta da mutumin da ke kwance da karyayyen ƙugu. Duk wanda ya taɓa hawa keke a babban titi ya san abin da ke faruwa idan mota ta wuce shi kurkusa da gudu: iskar motar na fizgar kan keken, madubin gefe na shafar gwiwar hannu, kuma ba shi da wani ƙarfe tsakaninsa da kwalta. Wannan ne ya sa dokoki suka ƙayyade tazara. Jamus ta wajabta mita 1.5 a cikin gari da mita 2 a wajen gari tun 2020, jihar Kalifoniya kuma ta sa ƙafa 3 tun 2014. Wanda ya san wannan ya ci jarrabawa a kansa, sannan ya take shi, ban ga yadda za a kira abin da ya biyo baya tsautsayi ba.

Ba na goyon bayan a jefa ɗan shekara 16 kurkukun manya, domin zai fito ya fi yadda ya shiga lalacewa. Hukuncin da na ga yana shiga jikin matashi shi ne raba shi da lasisi na dogon lokaci. A Birtaniya, sabon direban da ya tara maki 6 na laifi cikin shekara 2 da cin jarrabawa, soke lasisinsa ake yi ya koma ɗan koyo, alhali tsohon direba sai ya kai maki 12 ake dakatar da shi.

Ma'aikacin Inshora ya amsa:

Game da rabi na biyu na tambayar Malam, a mafi yawan lokuta kamfanin inshorar motar ne ke biya, ba yaron ba. Wasu ƙasashen ma sun sauƙaƙa wa mai keke ƙwarai. A Faransa, dokar 1985 da ake kira dokar Badinter ta ba wanda mota ta jikkata, in dai ba direba ba ne, haƙƙin diyyar rauninsa ko da yana da nasa kuskuren, sai fa idan wani babban ganganci nasa ne kaɗai ya jawo haɗarin. A Holan, mai mota ke ɗaukar aƙalla rabin asarar mai keke, kuma idan wanda aka kaɗe bai kai shekara 14 ba, kusan kullum duka ake ɗora masa. A Birtaniya akwai asusun kamfanonin inshora da aka kafa a 1946, wanda ke biyan waɗanda direba marar inshora ya jikkata.

Iyaye su ne ba su cika sanin inda suka tsaya ba. A Kalifoniya, uba ko uwar da suka sa hannu a takardar neman lasisin ɗansu suna tarayya da shi wajen ɗaukar alhakin ɓarnar da ya yi. A jihohi da yawa na Amurka kuma ana iya kai ƙarar mai mota kai tsaye idan ya miƙa makulli ga wanda ya san ba shi da lasisi ko ya saba tuƙin ganganci. Abu mafi haɗari gare su shi ne, takardun inshora da dama a can sun cire ɓarnar da aka yi da gangan daga abin da suke biya, don haka tuhumar kai hari na iya sa kamfani ya nemi zame jikinsa, a bar iyali da masu rauni suna fafatawa a kotu.

Uwar Samari ta tambaya:

Malama Ɗaliba, idan yaron ya firgita ya gudu daga wurin, sannan daga baya iyayensa suka kai shi ofishin 'yan sanda da kansu, shin hakan zai wanke shi?

Ɗalibar Shari'a ta amsa:

Ba zai wanke shi ba, Hajiya, ko da yake alƙali kan yi la'akari da miƙa kan da ya yi lokacin yanke hukunci. Barin wurin haɗari laifi ne mai zaman kansa, a kan wanda aka riga aka yi. A Ingila yana iya jawo ɗaurin wata 6, a jihohin Amurka da dama kuwa babban laifi ne idan akwai rauni, kuma masu gabatar da ƙara sukan yi zargin cewa an gudu ne don a kauce wa gwajin barasa ko ƙwaya. Iyayen da suka ɓoye motar ko suka gyara gabanta kafin a bincika, ko suka ce su ne ke tuƙi, su ma za a iya tuhumar su da kawo wa shari'a cikas. Shi kuma wanda aka jikkata, ko da an sassauta wa yaron a kotun laifi, ƙofar neman diyya na nan a buɗe gare shi. A Ingila wa'adin shigar da irin wannan ƙara shekara 3 ne, kuma idan shi ma mai keken yaro ne, ba a fara lissafin sai ranar da ya cika shekara 18.