Na karanta ilimin sinadarai, ta ina zan shiga aikin muhalli?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala digiri, kuma hankalina yana kan gurɓatar ruwa. Wata shida ke nan ina neman aiki, ko'ina sai a ce sai mai gogewa. Don Allah ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki nemi masu binciken tasirin ayyuka ga muhalli kafin a fara gini, ko ɗiban samfurin ruwa ne ki taya su. Ni da haka na fara, kuma sinadaran da kika karanta za su yi miki rana a ɗakin gwaji. Ki koyi manhajar QGIS ma, kyauta ce, da ita ake zana taswira.

Wata amsa: Ki ƙara da ISO 14001, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa na tsarin kula da muhalli, masana'antu na neman wanda ya san shi.

Mai tambaya: Na gode, Yaya. Yau zan sauke QGIS ɗin in sha Allah.