Muhawara: Shin wanda ya tafi ya shiga ISIS yana da sauran haƙƙin komawa ƙasarsa?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ra'ayin da nake son ajiyewa a gabanku shi ne, duk wanda ya bar ƙasarsa da ƙafarsa ya tafi Siriya ko Iraƙi ya yi wa ƙungiyar ISIS mubaya'a, to ya sallama matsayinsa na ɗan ƙasa, kuma bai kamata a ɗora wa wata gwamnati nauyin dawo da shi ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 40,000 daga ƙasashe kimanin 110 ne suka kwarara can, akasarinsu a shekarun da ƙungiyar ke tashe, wato kafin da kuma bayan ta ayyana daularta a watan Yunin 2014. Ƙungiyar ba ta taɓa ɓoye aikinta ba, domin ita da kanta take yaɗa bidiyon kashe-kashenta, har wasu daga cikin baƙin mayaƙanta suka ƙona fasfo ɗinsu a gaban kyamara. Sai da garin Baguz, tungar ISIS ta ƙarshe a Siriya, ya faɗi a watan Maris na 2019 sannan suka tuna cewa suna da ƙasashe. Kuma mun ga abin da masu dawowa suka aikata, domin Abdelhamid Abaaoud, wanda ya jagoranci harin birnin Paris na ranar 13 ga Nuwamban 2015 da ya hallaka mutum 130, ɗan Beljiyam ne da ya je Siriya ya dawo.

Barista Kabiru: Wa alaikumus salam, Malam. Ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka lissafa ba, amma tambayar da ra'ayinka ya bari a buɗe ita ce: idan ƙasarsa ta ƙi shi, wa zai ɗauke shi? Mutum ba ya ɓacewa don an soke masa takarda. Dubban mayaƙa sun shafe shekaru a gidajen yarin arewa maso gabashin Siriya a hannun dakarun da Kurdawa ke jagoranta, waɗanda ba gwamnati ba ce, ba su da kotun da duniya ta amince da ita, kuma sun sha roƙon ƙasashe su zo su kwashe mutanensu. A watan Janairun 2022 ISIS ta kai wa gidan yarin Hasaka farmaki don kuɓutar da mutanenta, aka yi kwanaki ana gwabzawa, ɗaruruwa suka mutu. Wanda ake tsoron dawowarsa a cikin ankwa, shi ne aka bari a inda zai iya tserewa ya dawo ba tare da sanin kowa ba. Abaaoud ɗin ma ai a ɓoye ya shigo Turai.

Hajiya Balaraba: Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne batun Shamima Begum. Tana da shekara 15 ta bar Landan a watan Fabrairun 2015 tare da ƙawayenta biyu na makaranta, suka bi ta Turkiyya suka tsallaka Siriya, kuma ba a jima da isarta ba aka aurar da ita ga wani mayaƙi ɗan ƙasar Holan. Ta haifi 'ya'ya uku, dukansu sun rasu, na ƙarshen jariri ne da ya mutu a watan Maris na 2019, makonni kaɗan bayan ministan cikin gida na lokacin, Sajid Javid, ya ƙwace mata shaidar zama 'yar Birtaniya. Malam Nasiru, don Allah ka faɗa mini, da wani babban mutum ne ya hure wa yarinya mai wannan shekaru kunne ta intanet ya ɗauke ta zuwa wani gari ya aurar da ita, da wa za ka fara tuhuma? A Landan aka haife ta, a can ta yi makaranta, a can aka yaudare ta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Malam Nasiru: Hajiya, na ji ki da girmamawa. Sai dai lokacin da ɗan jarida ya same ta a sansanin al-Hol na Siriya, inda aka tsare iyalan mayaƙan ISIS, tana da shekara 19, kuma abin da ta faɗa shi ne ganin kan mutum da aka yanke bai tayar mata da hankali ba. Sannan kotuna sun duba maganar: Kotun Ƙolin Birtaniya a 2021 ta ce ba dole ne a bar ta ta dawo don ta bi ƙararta ba, kotun da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki ta yi watsi da ƙorafinta a 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta yi hakan a 2024.

Barista Kabiru: Haka ne, Malam, amma a lura da abin da kotunan suka yanke hukunci a kansa. Sun ce doka ta ba minista ikon yin abin da ya yi, kuma shi ne ke auna barazanar tsaro. Ba su yi mata shari'a kan wani laifi ba, domin har yau ba a gurfanar da ita kan aikata komai ba. Kotun ta 2023 ma ta amince cewa akwai ƙwaƙƙwaran zaton an yi safararta. Wani abin kuma da ya fi damuna shi ne hujjar da aka kafa: dokar Birtaniya ta hana a mayar da mutum marar ƙasa, sai aka ce ai tana da haƙƙin zama 'yar Bangaladash ta wajen iyayenta, alhali Bangaladash ta fito fili ta ce ba tata ba ce kuma ba za ta karɓe ta ba. Ma'ana, wannan hukunci yana hawa kan wanda iyayensa suka fito daga wata ƙasa ne kawai, wanda kuwa kakanninsa duk 'yan can ne ba a iya yi masa, ko da laifinsa ya fi nata muni. Ko a tsakanin manyan ƙasashe abin ya zama rige-rigen jefar da kaya, domin da Birtaniya ta soke wa Jack Letts, wanda ya tafi Siriya yana ɗan Birtaniya da Kanada a lokaci guda, tasa shaidar a 2019, Kanada ta yi ƙorafin cewa an sauke mata nauyin da ba nata kaɗai ba ne.

Malama Zainab: Ina so a tuna da waɗanda ba a ambata ba tukuna. A watan Agustan 2014 ISIS ta afka wa Yazidawa, wasu tsirarun mabiya wani addini, a yankin Sinjar na Iraƙi, ta kashe maza, ta kwashe dubban mata da yara ta mayar da su bayi, kuma matan da suka zo daga ƙasashen waje ba duka ne 'yan kallo ba, a gidajen wasunsu aka riƙe waɗannan bayin. Saboda haka nake ɗari-ɗari da duk maganar da ke nuna matan sansani a matsayin waɗanda aka zalunta kawai. Amma wannan dalilin ne ya sa ban goyi bayan Malam Nasiru ba. A Jamus, wata kotu a birnin Munich ta ɗaure wata Bajamushiya a 2021 saboda mutuwar yarinya Bayazidiya 'yar shekara 5 da aka ɗaure a rana har ƙishirwa ta kashe ta, sannan kotun Frankfurt ta yanke wa mijin matar ɗaurin rai da rai bisa laifin kisan ƙare dangi. Mahaifiyar yarinyar ta tsaya a gaban alƙalai ta ba da shaida. Da an bar waɗannan mutane biyu a wani tanti a hamada, da wannan uwa ba ta taɓa samun wurin faɗin abin da aka yi wa 'yarta ba.

Alhaji Garba: 'Yata Zainab, Allah ya yi miki albarka, wannan magana ce mai nauyi. Sai dai shari'a irin wannan, mai shaidar gani da ido, ba kullum ake samunta ba. Gwamnatin Birtaniya ta ce daga cikin kimanin mutum 900 da suka tafi, wajen kashi 40 cikin 100 sun dawo, amma kimanin 40 ne kacal aka iya gurfanarwa. Ta yaya mai gabatar da ƙara zai tabbatar da abin da mutum ya yi a Raƙƙa, birnin da ISIS ta mayar hedikwatarta a Siriya, alhali shaidu sun mutu ko sun watse, shi kuma ya ce direban motar asibiti ne ko mai dafa abinci? Idan aka sake shi, sa ido a kansa dare da rana yana cin jami'ai masu yawa, kuma idan aka kuskure, talakan da ke cikin jirgin ƙasa ne zai biya da ransa.

Barista Kabiru: Alhaji, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a ɓangarenku, kuma maganinta yana cikin yadda aka rubuta dokar. Ƙuduri mai lamba 2178 na Kwamitin Sulhun Majalisar Ɗinkin Duniya, na watan Satumban 2014, ya wajabta wa ƙasashe su mayar da tafiya don ta'addanci laifi. Faransa tana hukunta mutum kan shiga haɗakar ta'addanci ita kanta, ba sai an tabbatar ya harbi wani ba, shi ya sa manyan da ta dawo da su ake miƙa su ga masu bincike da saukarsu. Birtaniya kuwa sai a 2019 ta yi dokar da ta ba ta damar haramta shiga wasu yankuna, kuma doka ba ta komawa baya.

Hajiya Balaraba: Duk wannan a kan manya ne. Sansanin al-Hol ya taɓa ɗaukar sama da mutum 70,000 a 2019, kuma mafi yawansu yara ne, da yawa ba su kai shekara 12 ba. Kosobo ta dawo da mutum 110 a watan Afrilun 2019, 74 daga cikinsu yara, Kazakistan kuma ta kwaso ɗaruruwa a wannan shekarar, alhali arzikinsu bai kai na ƙasashen da suka ƙi karɓar nasu mutanen ba. Malam Nasiru, yaron da aka haifa a Raƙƙa bai ƙona fasfo ba, bai yi wa kowa mubaya'a ba.

Malam Nasiru: A kan yara na yarda, Hajiya, a dawo da su a miƙa su ga danginsu. A kan iyayen ne har yanzu ban sauya ba.

Malama Zainab: To, Malam, a nan ne aikin yake da wuya, domin a shekarun da Kurdawa ke riƙe da sansanin, hukumominsa ba sa sakin yaro sai da amincewar mahaifiyarsa, kuma yawancin iyayen ba sa yarda a raba su. Faransa ta yi shekaru tana ɗaukar marayu da 'yan tsirarun yara ɗaya bayan ɗaya, sai a watan Yulin 2022 ta kwaso yara 35 tare da mata 16, aka wuce da matan hannun shari'a, yaran kuma hannun hukumar kula da ƙananan yara. Idan ka ce a dawo da yaro a bar uwarsa, sai ka faɗa mana wanda zai shiga tantin ya ɓanɓare shi daga jikinta, da kuma dokar da za ta ba shi wannan iko.