Shawarwari kan tazara da tsawon layi a bitar gyaran manhaja

Masu rubuta manhaja a Damagaram da suka tattauna batun tazarar farkon layi da tsawon layi a rubutun manhaja sun yarda cewa ƙa'idar aikin da mutum ya tarar ita ce abin bi, ko da ba ta yi masa daɗi ba. Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, na amfani da maɓallin tazara na Tab mai faɗin gurbi 8, Python kuwa, harshen rubuta manhaja, ta ba da shawarar gurbi 4 da layin da bai wuce harafi 79 ba, kuma a Python tazarar farkon layi tana canza ma'anar umarni, don haka sakaci a nan kuskure ne na gaske.

An fi daɗewa kan iyakar harafi 80, wadda aka gada daga katunan IBM masu huji. Wasu sun ce zamaninta ya wuce, tunda Linux ma ta sassauta gargaɗinta zuwa 100 a 2020. A ganina masu ƙananan kwamfutoci da ke son a riƙe iyakar sun fi hujja, domin gajeren layi yana ba su damar jera tsohon rubutu da sabo gefe da gefe.

An kuma nemi a raba gyaran tsari da gyaran aiki, a bar wa manhajojin gyaran tsari irin su Black ko clang-format daidaita tazara, mai bita ya duba ko gyaran yana aiki.