An sake yanke mana wayar sabis, ina mafita?

Baban Walid: Salamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya ɓarayi sun sake kwashe wayoyin gindin eriyar unguwarmu, yau ko POS ba ya tafiya. Kamfani zai gyara, amma mu mazauna me za mu yi kada a maimaita?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Jan ƙarfe suke bi, wanda ke cikin wayar wuta da kuma wayar da ke sauke tsawa cikin ƙasa. Ta biyun ta fi ban tsoro, don in an cire ta sabis ba ya ɗaukewa, ba mai lura, sai tsawar damina ta ƙone kayan. Ku matsa wa kamfanin ya sa irin wayar da cikinta baƙin ƙarfe ne, bayanta kawai aka shafa wa jan ƙarfe. A kan sikeli ba ta da daraja.

Maman Ilham: Injiniya, wadda ake binnewa a gefen titi fa?

Injiniya: Faiba ke nan Hajiya, zaren gilashi ne, ba a sayensa a bola. Sai sun haƙa sun datse suke ganewa.

Na Panteka: Kafin a fara zaginmu, 'yan gwangwan ba duka ne ɓarayi ba. Amma ga alama: wayar sata a ƙone take zuwa, ana babbake robar don a ɓatar da shaida. Duk wanda kuka ga yana ƙona waya a kango da asuba, ku tambaye shi.

Yaya Balarabe: Alhaji ka faɗi gaskiya, kuma a wurinku maganin yake. Nan Ingila tun dokar 2013 ba a sayen tsohon ƙarfe da tsabar kuɗi, sai ta banki, kuma sai mai sayarwa ya nuna shaidar ko shi wane ne. Ɓarawon da ba shi da mai saye me zai yi da waya? Kamfanoni kuma suna shafa wa wayoyin wani ruwa da sai an haska fitila ta musamman ake ganinsa, don a gane wayar sata.

Baban Walid: Ni da a hana sana'ar kawai, kamar yadda Zulum ya yi a Borno a 2023.

Na Panteka: Haba Malam! Samari nawa ke ci da ita? A yi mana rajista, a tilasta rubuta sunan mai kawo kaya, mun yarda.

Malam Lauya: Ku tuna a 2024 Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. Ku kai rahoto ofishin Sibil Difens, aikinsu ne. In 'yan sintiri sun kama mutum a miƙa shi, ban da duka.

Maman Ilham: A duba maigadin ma. Mutum ɗaya da tocila, albashi sai an ga dama. Ku haɗa shi da 'yan sintiri, a ba shi usur.

Baban Walid: Na gode. Gobe bayan isha'i zan kai wa mai unguwa maganar. Alhaji, ka taho da shugaban ƙungiyarku.