Masu ciwon suga, ya kuke fama da mutuwar yatsun hannu?

Mai ɗinkin hula, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 9 da ciwon suga, kuma duk zuwa asibiti maganar ƙafa ake yi mana, ku riƙa duba ƙafa, kar ku yi yawo ba takalmi, to ni fa yanzu hannu ne ya sa ni gaba. Abin ya fara kamar minjirya a kan yatsu, kamar kiyashi na yawo ƙarƙashin fata, yanzu sai allura ta suɓuce mani ban sani ba sai dai in ga zare yana lilo. Shekaranjiya na ga ɗigon ja a kan farar hula ashe na soke manuni ban ji ba. Hular da nake gamawa a sati biyu yanzu wata guda take kaiwa kuma da ita nake ciyar da iyali. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari.

Uwar marayu, Daura:
Wa alaikumus salam, sannu malam Allah ya ba ka lafiya. Ni hunturun bara na gane nawa ya yi nisa. Na sirka ruwan alwala da asuba na sa hannu na ji daidai, ɗiyata ta zo za ta ɗiba ta yi ƙara ta ce Inna wannan ai tafasasshe ne, kafin hantsi bayan hannuna ya tashi ya ɗuri ruwa. Sati uku ina jinyar ƙunar nan don kun san mu ciwo ba ya warke mana da wuri. Yanzu da gwiwar hannu nake gwada ruwa ko in kira yara, tukunya kuwa ba na taɓa ta sai da tsumma. Abin da ya fi ci mani rai carbi ne wallahi, ina ja amma ba na jin ƙwayar tana wucewa, sai na zuba mashi ido.

Direban kurkura, Ƙofar Ƙaura:
Nawa da dare yake tashi. Babban yatsa da manuni da na tsakiya su yi ta zugi kamar an shafa barkono, in farka in yi ta yarfe hannu kafin ya lafa, ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa lau. Na fi shekara ina shan maganin sanyi kala-kala, kuɗi dai suka tafi. Da na je asibitin koyarwa likita ya ƙwanƙwasa wuyan hannuna na ji kamar lantarki ya ja ni har kan yatsu, ya ce jijiya ce ta matsu a wurin kuma masu suga sun fi saurin samun haka. Ya sa na sayi abin ɗaure wuyan hannu ina kwana da shi don kar ya lanƙwashe cikin barci, alhamdulillahi yanzu ina samun barci. Ya ce in bai yi ba akwai allura akwai ƙaramin aiki.

Nas, Katsina (ni ke jinyar mahaifina):
Baba mai hula sannu. Na direba da naka ba lallai su zama abu ɗaya ba shi ya sa ya kamata a duba ka. Suga in ya daɗe yana sama yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji da kuma ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su, dogayen jijiyoyi yake fara ci, shi ya sa yawanci daga yatsun ƙafa yake tasowa ya hau sama kafin ya iso hannu, kuma duka ɓangarori biyu. Na babanmu haka ya bi, sai da ta kai ba ya iya sa maɓallin riga, ranar da na tarar da shi ya daɗe yana kokawa da wuyan kaftani shi kaɗai bai kira kowa ba sai da na koma ɗaki na yi kuka. Mutum ne da ya yi shekaru yana rubutun allo, yanzu alƙalami juya mashi yake. Mun sa tela ya mayar da rigunan zuwa zif, mun naɗe cokali da alƙalami da tsumma suka yi kauri don riƙo ya yi sauƙi.
Ka roƙa a yi maka gwajin HbA1c, shi ke nuna yadda suga ya kasance a wata 3 da suka wuce, ga mafi yawan manya ana so ya zauna ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. In ka daɗe kana shan maganin suga na metformin a duba bitamin B12 ɗinka don yana iya rage shi, ƙarancinsa ma yana kawo irin wannan mutuwar yatsun kuma shi yana da magani. Magunguna irin su pregabalin da amitriptyline zugi suke ragewa ba sa dawo da jin da ya tafi, kar kowa ya saya a kemis da kansa. Amma fa in hannu ɗaya ya saki farat ɗaya, ko baki ya karkace ko magana ta sarƙe, wannan ba shi ba ne, yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, a ruga asibiti a take.

Mai POS, bakin babbar kasuwa:
Ni ƙirgan kuɗi ne. Sabbin takardu su manne biyu ban ji ba, sau biyu ina yin asara kafin na ɗauko ƙanena ya zauna da ni. Kuma tafin hannuna in na haɗa su ba sa haɗuwa ruf, yatsun sun sandare, ko akwai mai irin haka?

Nas:
Akwai, shi ma suga na kawo shi, fata da gaɓoɓin yatsu ne ke yin tauri. Ka nuna wa likitanka daidai yadda ka haɗa su ɗin nan.

Mai ɗinkin hula:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Hajiya ta Daura maganar carbin nan ta taɓa ni don ni ma haka nake ban taɓa faɗa wa kowa ba. Malama nas shekara 8 ke nan ina kan metformin kuma ban taɓa yin gwajin bitamin ɗin ba, ƙafafuna ma sun daɗe da yin haka na ɗauka tsufa ne. Ranar Talata nake da ganin likita, na sa yaro ya rubuta mani sunayen gwajin biyu a takarda. Direba don Allah abin ɗaure hannun nan a ina ka saya kuma nawa ne?