Neman shawara: ɗalibaina na Jamusanci sun iya hadda amma baki ya ƙi buɗewa

Malamin Unguwa:
Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah ina neman shawarar duk wanda ya taɓa koyar da Jamusanci ko ya koye shi daga tushe. Ina da ɗan aji da nake yi Asabar da Lahadi da yamma a nan Kaduna, duk manya ne, akwai nas-nas masu son tafiya aiki, akwai samari masu neman Ausbildung wato koyon sana'a a can, sai wata baiwar Allah da mijinta ke Jamus dole sai da satifiket ɗin A1, wato matakin farko na Jamusanci, za a ba ta biza. Tsarin da nake bi shi ne wanda aka saba, a fara da baƙaƙe, a shiga der die das, sai jadawalin ich bin du bist er ist su kwafa su haddace. Haddar kam ba a magana, ko cikin dare ka tashe su za su kawo maka, amma da na juyo na ce Woher kommst du, wato daga ina kake, sai kowa ya sunkuyar da kai yana duba littafi. Ga ajin kullum raguwa yake. To na ji ana maganar koyarwa da labari, wai malami ya riƙa ba da ƙananan labarai da Jamusanci tun ranar farko ba jadawali ba komai. Abin da ya ɗaure min kai, wanda bai san ko kalma ɗaya ba ta yaya zai gane labari? Sannan jarabawa fa? Kuɗinta ba kaɗan ba ne ga kuɗin mota zuwa Legas ga masauki, ba na so in yi gwaji da kuɗin mutane.

Malama daga Garwa:
Wa'alaikumussalam Malam, sannu da ƙoƙari. Ni Jamusanci nake koyarwa a sakandare, ka san mu nan Kamaru yara na zaɓarsa a makaranta, kuma da labarin nake fara kowane sabon aji. Asalin maganar ta wani masanin harshe ce ɗan Amurka, Stephen Krashen, tun wajen shekarun 1980 yake cewa harshe na shiga kan mutum ne idan yana jin magana ko yana karatu kuma yana gane abin da ake nufi, a ɗan ɗara masa kaɗan a kan abin da ya riga ya sani. Daga baya wajen 1990 wani malamin Sifaniyanci a Kalifoniya, Blaine Ray, ya mayar da abin tsarin aji da ake kira TPRS, wato koyar da harshe ta hanyar labari da karatu.

Inda mutane ke ɓata abin shi ne suna jin labari sai su ɗauko littafin yaran Jamus su hau karantawa. Yaron Jamus ɗan shekara biyar ya fi ɗalibinka kalmomi nesa ba kusa ba, wannan littafin ba naku ba ne tukuna. Ka ƙirƙiri naka da kalmomi uku kacal sababbi, ka rubuta su a allo da ma'anarsu da Hausa a gefe kowa na gani. Misali hat Hunger (yana jin yunwa), geht (yana tafiya), da kein Geld (ba kuɗi). Sai ka zana mutum da alli ko da zanen bai yi kyau ba, ma ya fi ba da dariya, ka ce Das ist Audu. Audu hat Hunger, ka dafa ciki ka yamutsa fuska. Kar ka wuce. Ka tambaya Hat Audu Hunger, su ce ja. Hat Audu Hunger oder Durst, ka yi alamar shan ruwa, su ce Hunger. Wer hat Hunger, su ce Audu. Hat der Lehrer Hunger, ka nuna kanka, a nan za su kwashe da dariya wani ya ce ja. Jumla ɗaya ta shiga kunnensu sau da yawa ba wanda ya ji ana maimaici. Sannan Audu geht zum Markt, amma Audu hat kein Geld, ka zazzage aljihu. Sai ka bar su su zaɓa, wa zai gamu da shi a kasuwa, me zai roƙa, wanda ya faɗa da Hausa kai ka mayar da Jamusanci mai sauƙi. Ƙarshen darasi ku rubuta labarin tare a allo su karanta, shi ne karatun gida.

Kuma ka yi magana a hankali Malam, a hankali har kai da kanka ka ji ka gundura. Idanunsu za ka riƙa kallo ba allo ba.

Baban Khalifa:
Abin da Malama ta faɗa ai shi muke gani a Sabon Gari, baƙo zai zo kasuwa bai san ko sannu ba, kafin ka ankara yana ciniki da Hausa har da rantsuwa, wa ya zaunar da shi ya koya masa nahawu?

Ɗan Hambog:
Baban Khalifa ka kawo misalin da zan kama ka da shi kuwa, wannan baƙon shekara ashirin yana Kano amma har gobe yarinya ya zo yake cewa. A kasuwa ba komai, a asibitin Jamus da komai. Malam ka ce kana da nas-nas, su fa ba A1 ce matsalarsu ba, yawancin jihohin Jamus B2 suke nema, matakin da ke can gaba da A1, kafin su amince da takardar nas, kuma a can rubuta rahoton mara lafiya za ta yi, ba wanda zai ce mata ba komai in tana cakuɗa den da dem. Ni ba na ƙin labari amma kar a mayar da Krashen kamar ba ya kuskure, tun 1985 wata masaniya a Kanada, Merrill Swain, ta duba yaran da aka yi shekaru ana koya musu darussa da Faransanci zalla, fahimta kam sun kai, amma magana da rubutu kurakuran nahawu na nan daram, shi ya sa ta ce dole ɗalibi ya riƙa fitar da magana shi ma. Jamusanci kuma yana da abubuwan da in ba a nuna maka da yatsa ba za ka daɗe ba ka lura ba, kamar aikatau da ke rabewa biyu, aufstehen ya koma ich stehe um sechs Uhr auf, wutsiyar tana can ƙarshen jumla.

Malama daga Garwa:
Yaya Ɗan Hambog ban ce a jefar da nahawu ba fa. Ina yi, amma gajere kuma a cikin labarin. In muka zo Audu kauft den Fisch sai in ja layi a ƙarƙashin den in ce da Hausa, kun ga ɗazu der Fisch ne, yanzu da kifin aka saya ya zama den, mu ci gaba. Bai kai minti ɗaya ba. Jadawalin yana zuwa daga baya lokacin da kunne ya riga ya saba, a lokacin ne suke cewa au ashe abin da ya sa ke nan. Wanda ka ba shi jadawali ranar farko ba shi da inda zai rataya shi.

Maman Hanifa:
Malam ni na yi jarabawar nan ta A1 don bizar miji, bari in gaya maka abin da ke ciki don hankalinka ya kwanta, babu inda ake cewa kawo jadawali. Kashi huɗu ne, saurare, karatu, rubutu da magana, maki 60 cikin 100 ake nema. Rubutun cike fom ne sai ɗan gajeren saƙo na kalma kamar 30. Maganar kuma a rukuni ake yi, ka gabatar da kanka, suna shekaru ƙasa inda kake zaune yarukan da kake ji sana'a da abin da kake sha'awa, a ce ka faɗi baƙaƙen wata kalma ɗaya-ɗaya ko lambar waya, sai a ba ku kati ku tambayi juna. Sauraren shi ne ya fi kayar da mutane a ganina, sanarwar tashar jirgi da saƙon waya da farashi, wanda bai saba jin yaren ba ko ya haddace littafi duka sai ya ji kamar ana zuba ruwa. Abin da ya taimake ni shi ne Nicos Weg na DW, kyauta ne, labari ne na wani saurayi da ya sauka Jamus jakarsa ta ɓata, bidiyo gajeru ne ba sa cin data sosai, ina girki ina saurare ina maimaitawa. Ka haɗa ƴar ajin naka mai neman biza da shi tun yanzu. Kuma Goethe, cibiyar da ke shirya jarabawar, sun sa samfurinta a shafinsu kyauta har da muryoyin, ta yi su da agogo a gabanta kafin ta biya kuɗi.

Ɗan Hambog:
Yawwa Anti, kuma a ƙara da jerin kalmomin A1 na Goethe, wajen 650 ne, shi ma kyauta. In dai za a yi labarin to a ɗebo kalmomin daga nan, Audu ya je wajen likita, ya nemi ɗakin haya, ya rasa jirgin ƙasa, ba kullum kura da zaki ba. Kuma su da kansu sun ce A1 na cin darasi 80 zuwa 200 mai minti 45, Malam ka lissafa da Asabar da Lahadinka ka gaya wa ɗalibanka gaskiya, don wasu wata ɗaya suke sa wa ransu shi ya sa suke guduwa.

Kawu Na Damagaram:
Ɗana ni dai ba malami ba ne amma kar ku raina kura. Labarin da mutum ya riga ya sani ai rabin fahimta ya samu, in ka ce Gizo da Ƙoƙi kowa ya san Gizo zai yi wayo a ƙarshe asirinsa ya tonu, hankalinsa ba ya kan me zai faru, yana kan yadda ake faɗarsa da Jamusanci. Su ma Jamusawan suna da tatsuniyoyinsu da ƴan uwan nan biyu Grimm suka tattara tun 1812, akwai ta jaki da kare da kyanwa da zakara da suka tsufa suka kama hanyar Bremen, duk dabbobin gidanmu ne, sai dai ka sauƙaƙa ta da bakinka. Kuma ku gode Allah Bahaushe ya san jinsi a yarensa, rana mace wata namiji, su ma die Sonne der Mond, wanda ya taso da Ingilishi kaɗai wannan tunanin ma baƙo ne a wajensa. Na ukun ne dai das babu ruwanmu da shi.

Ummu Sudais:
Kawu ka manta das Mädchen, yarinya guda sun ce ba mace ba ce ba namiji ba, Allah ya kyauta. Malam abu biyu daga wajena. Lissafi, 21 suna cewa einundzwanzig wato ɗaya da ashirin, ka ce musu irin na Larabci ne wahid wa ishrun, duk wanda ya yi Islamiyya nan take zai kama. Agogo kuma halb acht bakwai da rabi ne ba takwas da rabi ba, ka sa Audu ya makara saboda haka a wani labarin ba za su taɓa mantawa ba. Sai p da f ɗinmu, kalma irin Kopf ko Apfel sai an dage, wannan labari kaɗai ba zai gyara ba sai an tsaya an kalli baki, leɓe biyu a haɗe sannan haƙori a kan leɓe.

Malamin Unguwa:
Kai Allah ya saka da alheri, na ƙaru wallahi. Malama saura tambaya biyu. Tatsuniya ai da lokacin da ya wuce ake ba da ita, war, hatte, ging, littafin da nake bi kuma sai can gaba yake kawo su, in jira? Sannan manya ne fa, akwai wanda ya girme ni, ina tsoron su ce mun biya kuɗi ana mana wasan yara.

Malama daga Garwa:
Kar ka jira, rubuta war a allo ka sa ma'anarsa a gefe shi ke nan, kalma ce kamar kowace, war da hatte ma suna cikin waɗanda Bajamushe ya fi furtawa a yini. Yawan sababbin kalmomi shi ne abin tsoro ba lokacin aikatau ba. Na labarin Audu kuma bar shi a yanzu-yanzu tunda shi suka fi buƙata a jarabawa.

Maganar manya kuwa ka yi musu bayani da Hausa tun farko dalilin da ya sa kake haka, kuma ka ba su abin riƙewa a hannu, labarin a buge a takarda da tambayoyin richtig ko falsch, wato daidai ko kuskure, a ƙasa, babba in bai koma gida da takarda ba gani yake bai yi karatu ba. Ka riƙa saka rayuwarsu a ciki, nas ɗin nan ka ce Sie arbeitet im Krankenhaus, sie ist müde, ka tambayi aji a kanta, su ma sai su fara amsawa da jumla ba ka tilasta ba. Da babban cikinsu ka yi amfani da Sie na girmamawa, su ji bambancinsa da du na sabo a aikace don a jarabawar ma Sie za a yi musu. Mai bizar kuma ka ware mata lokaci daban in jarabawa ta matso, fom da saƙo da katunan nan da Maman Hanifa ta faɗa, a nan na yarda da Ɗan Hambog ɗari bisa ɗari. Bayan darasi ka karanta labarin a hankali ka tura musu murya a WhatsApp su ji cikin sati, don kwana biyar ba Jamusanci a kunne ya yi yawa.

Ɗan Hambog:
A rubuta a ajiye yau Malama ta yarda da ni. Malam in ka rubuta labarin farko turo shi nan kafin Asabar mu duba maka der die das ɗin, kar Audu ya je kasuwa da kuskure.

Malamin Unguwa:
In sha Allah zan turo daren Alhamis. Sai dai sunan zan canza, akwai Audu a ajin kuma shi ne babban namu.